Gawar da Ta Zagi Direba

Yunusu direba a cikin addinin Kirista aka haife shi, kamar yadda ake haifar wani da manyan kunnuwa: bai zaɓa ba, bai kuma taɓa tunanin yankewa ba. Ubansa ne ya shiga tun yana saurayi, bayan wata doguwar jinya a asibitin mishan. Ya dawo Tawa da lafiyayyar ƙafa da sabon addini, ya ja ƙanwarsa Hajaratu ciki, sauran dangi suka ce Allah ya shirye su, aka ci gaba da cin tuwo tare.

Motar Yunusu wata tsohuwar bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, tana jigila tsakanin Tawa da Bambeye da ƙauyukan da ke bayanta. Da yake ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, ibadarsa rabi ce. Yakan zo majami'a da wuri, ya yi waƙa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito, da an ce za a fara wa'azi sai ya tuna bai duba ruwan mota ba. Matarsa Saratu ba ta ko waiwayawa. Ta san ba za ta sake ganinsa ba sai la'asar, yana warin awaki da albasa.

Duk majami'ar shi kaɗai ke da motar da mutum zai kwanta a bayanta ya miƙe, don haka gawa duk tasa ce. Yakan ce a cikin fasinjojinsa babu masu ladabi kamar su: ba sa cewa ya rage gudu, ba sa neman a tsaya su yi fitsari. Kuma a duk shekarun da ya yi yana kai su, ko ɗaya bai taɓa buga rufin mota ya ce a sauke shi ba.

Nan ne matsalarsa take. Yana son majami'a, yana son shinkafar Kirsimeti, ya yarda akwai Allah, ya yarda Yesu mutumin kirki ne wanda aka zalunta. Amma maganar cewa ya mutu ya tashi, kuma wai kowa zai tashi a bayansa, ita ce ta ƙi wuce masa wuya. Bai kuma ɓoye ba. Fastonsu, Rashidu, wani siririn saurayi daga Maradi mai ɗaura laktai ko a tsakiyar bazara, ya sha tambayoyi har ya rame. Yunusu ya taɓa tsare shi a bakin ƙofa kan wani tsohon soja da aka yanke wa ƙafa a Yamai aka binne sauransa a Tawa. Yana so ya sani, ranar tashi ƙafar ce za ta biyo motar kasuwa ta zo, ko sojan ne zai yi ta tsalle har Yamai. Fasto ya fara bayani a natse, Saratu ta mintsini mijinta a cinya, Yunusu ya ce shi tambayar sana'a ya yi, don ya san ko za a buƙaci direbobi.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai ba fasto ba ne, Idrisa ne, makanikin tasha, abokinsa tun suna yara, Musulmin da ko yana ƙarƙashin mota aka kira salla sai ya fito. Wata rana kansu duka biyu yana cikin injin bashe, Idrisa ya ajiye sifana ya ce masa, "Mu da ku mun saɓa kan Annabi Isa, wannan daban. Amma tashin matattu ai har mu mun yarda da shi. Ba ka zo wajenmu ba, can wajenku ma ba ka zauna ba. Ran nan ina za a aje ka?" Yunusu ya ce a bar shi cikin mota, inji a kunne.

Abin da mutane ba sa faɗa a gabansa shi ne, bakinsa bai yi wannan kaifin ba sai bayan Samira. 'Yarsa ce, ta fari, zazzaɓin damina ya ɗauke ta tana gab da shiga lakkol, wato makarantar boko. Shi ya tuƙa ta zuwa maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Tun daga ranar, in ya kawo gawa, a bakin ƙofa yake tsayawa. Masu ɗauka su ɗauka, shi kuma ya buɗe gaban mota ya yi ta duban abin da bai lalace ba har a gama.

Wata safiya cikin bazara aka kira shi a waya daga wani ƙauye bayan Bambeye, aka ce Gwaggo Hajaratu ta cika. Ita ce ƙanwar uban nan nasa, tsohuwa mai ciwon sukari da ciwon gwiwa da baki kamar reza, ita kaɗai ce Kirista a garin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna Abijan. Maƙwabta ne suka tarar da ita a ɗaki jiki ya yi sanyi, an kira, an girgiza, shiru. Suka rufe ta da zane, suka ce su dai ba su san yadda ake yi wa irinsu sutura ba, danginta su zo.

Yunusu ya ɗauki Fasto Rashidu saboda addu'a, ya ɗauki Idrisa saboda turi. Suka tarar da gidan cike da mata ana kuka na gaskiya, don duk zafin bakinta ita ke karɓar haihuwar rabin garin. Wata maƙwabciyarta tana ta gaya wa fasto cewa ta ɗiga mata ruwan zuma a baki kafin a rufe ta, don kada ta tafi da ƙishi, tana fatan addininsu bai hana ba. Fasto ya ce bai hana ba. Aka shimfiɗa tabarma a bayan mota, aka kwantar da ita, fasto ya zauna a gefenta riƙe da lema don ya yi mata inuwa.

Sun yi nisa, sun kusa wata korama da ruwan bara ya cinye wa gaɓa, Yunusu yana ba Idrisa labarin yadda ta taɓa bin sa da muciya har tasha, bai ga ramin ba. Motar ta faɗa ta fito, kan Idrisa ya bugi rufi. Sai suka ji wata murya daga baya, a shaƙe amma sarai:

"Wane ɗan banza ka tuƙin motar ga?"

Abin da Yunusu ya fara gani a madubi shi ne lema tana tafiya a iska ita kaɗai. Na biyu kuma fasto, wanda bai jira mota ta tsaya ba, yana birgima cikin yashi, takalmi ɗaya a ƙafa. Idrisa ya kama salati babu numfashi. Yunusu ya taka birki, ya zauna hannu a kan sitiyari. Da ƙyar ya zagaya baya. Ga Gwaggo a zaune, zane ya zame mata daga fuska, tana ƙifta ido cikin rana. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ai da ma ta san shi ne, tun yana yaro ko jaki bai iya kora ba. Sannan ta tambayi ina za a kai ta ba kallabi.

A ɗakin maganin Bambeye, manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya soki yatsarta, ya duba, ya yi tsaki. Ya ce ta sha ƙwayar ciwon sukari ne ba ta ci komai ba, sukarin ya faɗi ƙasa warwas, zumar nan ce ta dawo da ita sannu a hankali. Ya sa mata ƙarin ruwa. Kafin su isa Tawa da yamma, an sami bayani uku: manjo ya ce zuma ce, fasto ya ce addu'ar da yake yi ce lokacin da abin ya faru, Yunusu ya ce rami ne, kuma yana iya nuna wa kowa inda yake.

Labari ya cika gari kafin a sauke ta. Gidan Yunusu ya zama kamar tasha. Kiristocin wasu majami'u suna zuwa su taɓa hannunta, matan unguwa suna leƙowa da sunan barka suna duban ko tana da inuwa. 'Ya'yanta na Abijan, waɗanda suka riga suka tara 'yan gari suka karɓi gaisuwa, suka kira a waya suna kuka, ta tambaye su wa ya ci abincin zaman makokin. Fasto Rashidu, gwiwa a ɗaure da bandeji, ya yi ta kai da kawo yana shirya Lahadi. Ba mutumin ƙarya ba ne. Ya yi shekaru yana wa'azin abin da bai taɓa gani ba, ga shi an tayar masa da shi a gefen ƙafarsa, ko barci ba ya iyawa don murna.

Yunusu kuwa a tasha ya buɗe tasa majami'ar. Ya ce yanzu ya gane asirin duka. Tashin matattu zuma ce da rami, duk mai so ya zo ya gwada, Idrisa shaida ne. Idrisa ya ce shi kada a sa shi cikin sha'anin arna biyu, mai laktai da marar laktai.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje, Yunusu ma bai tuna da ruwan mota ba. Aka yi waƙa, aka yi kiɗa, fasto ya gabatar da Inna Hajaratu wadda ta je ta dawo, ya roƙe ta ta gaya wa jama'a abin da ta gani a can. Saratu da wata mata suka ɗaga ta. Ta dogara da sanda, ta tura na'urar magana gefe, ta ce muryarta ta isa.

"Ni dai ban mutu ba," in ji ta. "Ban ga kowa ba, ban ga komi ba. Magani nis sha ban ci tuwo ba. Kada ku sa ni ƙarya cikin ɗakin Ubangiji da tsufana."

Ta gyara riƙon sandarta. Ta ƙara da cewa in wannan ne tashin da ake faɗa, to a riƙe, ba ta so. Ta tashi da gwiwar jiya, da haƙora huɗun jiya, an sake hana ta shayi mai sukari. Ita wanda aka yi mata alkawari take jira, ba ƙarin wa'adi ba. Sannan ta ce fasto yaron kirki ne, amma ya koyi tsayawa kusa da mamaci, don in ranar ta zo da gaske gudu ba zai yi masa amfani ba, ta ko'ina za su fito.

Wani ya fashe da dariya a baya, sai duk ɗakin ya ɗauka. Can fasto shi ma ya rufe fuska da hannu kafaɗunsa suna rawa. Da ya natsa, ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya ce Inna ta riga ta yi, a tashi a yi addu'a.

Yunusu ya koma gida yana ganin ya sami 'yar jam'iyya. Gwaggo ta zauna wurinsu, don Saratu ta rantse ba za ta bar ta ta koma ƙauye ta sake mutuwa ba da izini ba. Da hantsi washegari ya same ta a inuwar zaure tana ɓare gujiya, ya zauna, ya kwance mata abin da ya daɗe a ransa. Ya ce ai shi ma Yesu haka aka yi da shi. Suma ya yi don wuya, aka ɗauka ya cika, sanyin kogo ya farfaɗo da shi, mutane suka ƙara gishiri kamar yadda fasto ya so ya yi da ita.

Ya zaci sanda za ta ɗauka. Dariya ta yi har ta sarƙe. Ta ce ya dube ta da kyau. Ita ba a yi mata bulala ba, ba a kafa mata ƙusa ba, ba a soke ta da mashi ba, tuwo kawai ta tsallake, amma tun ranar mutum biyu ke kai ta bayan gida.

"Wa zai gan ni haka shi ce na ci mutuwa? Mai suma in ya tashi, kunu shika nema da mai riƙe shi. Ba ya ture dutsi shi tahi yawon gaisuwa. Kuma waɗanda sunka gan shi, an yanka su kan maganar ba su canza ba. Kai wa zai yarda a yanka shi saboda ni?"

Yunusu ya miƙe tsaye. Ya ce zai je ya duba mota. Ta ce ya gaida mata motar.

Maganar ta bi shi hanya. Ba wai ya yarda ba ne, haushi yake ji, irin na wanda aka kayar a dara yana ganin ya ci. Yana tuƙi yana shirya amsa, in ya dawo ya kawo mata, ta rushe ta tana tauna goro. Da ya kawo zancen ƙafar soja, ta ce wanda ya yi ƙafar tun ba ta nan bai rasa adireshinta ba. Da ya ce shekaru nawa ana jira shiru, ta ce shi namiji ne bai san jira ba, ya tambayi matan yankinsu na Adar. Ita mijinta ya yi shekaru a Abijan ba waya ba saƙo, ta yi noma, ta yi girki, ta gyara rufin ɗaki, don ya ce zai dawo. Yunusu ya ce ai wasu mazan ba sa dawowa. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa ake duban wanda ya yi alkawarin, ko ya taɓa tafiya ya dawo.

Gab da faɗuwar damina ta ce ya kai ta maƙabarta ta zaɓi wuri, don ta ga yadda suke da gaggawa, ba za ta bar musu zaɓi ba. Ya kai ta da safe. A bakin ƙofa ya tsaya ya nufi gaban mota, ta ce to wa zai riƙe ta, injin? Dole ya ba ta kafaɗa. Suka bi tsakanin kaburbura a kan jan dutse, tana karanta mutane tana faɗin halinsu, wannan marowaci, wannan ta iya miya, wannan ko a can sai an raba su faɗa. Bai lura da inda take jan sa ba sai da ta tsaya.

Kabarin Samira ne, ƙarami. An kewaye shi da duwatsu an shafa musu farar ƙasa, kuma shafin bai daɗe ba. Sai a lokacin ya gane inda Saratu take zuwa in ta ce za ta gidan ƙawarta.

Gwaggo ta buga sanda a filin da ke gefe ta ce nan. Ta sunkuya iyakar yadda gwiwa ta bari, ta yi wa yarinyar magana kamar tana bayan katanga. Ta ce mata kakarta ce, tana nan tafe, ran nan ma ta taso aka mayar da ita daga hanya saboda tuƙin ubanta. Sannan ta juyo ta tambayi Yunusu ko yana da saƙo.

Ransa ya ɓaci irin wanda bai taɓa yi da ita ba. Ya ce ta bar wasa da wannan. Ya zame kafaɗarsa ya koma mota, ya zauna ya rufe ƙofa. Yana ganinta ta gilashi, tsohuwa tsaye a rana kan sanda ɗaya, ba ta kira shi ba, ba ta ko dubi wajensa ba. Rana ta ɗaga. Ya san taurin kanta, ya san za ta iya faɗuwa a nan ta cika musu aiki. Ya fito ya dawo yana huci, ya ce ta zo su tafi. Ta ce saƙon take jira.

Ya tsaya yana duban farar ƙasar. Da ya yi magana, muryar ba tasa ta tasha ba ce. Ya ce ta gaya mata ta yi ƙane, sunansa Isufu, kuma shi ma yana tsoron kaji kamar ita. Ya ce ta gaya mata ranar da ya ɗauke ta zuwa asibiti ya yi gudu iyakar ƙarfin motar, hanyar ce ta yanke.  Gwaggo ta ce ta ji, za ta faɗa yadda ya faɗa. Ta kama kafaɗarsa suka fito, tana yi masa faɗa kan yadda yake jan ta kamar buhu.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Gwaggo ta tafi, tafiyar gaske. Da azahar ne, ta ci tuwonta sarai, ta ce wa Saratu miyar ta yi gishiri, ta kishingiɗa. Saratu ta zo ɗaukar kwano ta ga abin da ya faru.

Yunusu bai yarda ba. Da aka kira shi daga tasha ya zo da zuma a kwalba, ya buɗe bakinta ya ɗiga. Ya je ya ɗauko likita, likita ya duba ya yi masa gaisuwa. Ya ce a sake dubawa, an taɓa yi musu haka. Fasto ya iso, ya zauna daf da ita wannan karon, ya riƙe hannunta, ya ce masa a hankali ta tafi. Yunusu ya ce shi fasto ai ba a kan gawa ake tambayarsa ba. Kafin kowa ya ankara ya sa an ɗora ta a bayan bashe, wai zai kai ta babban asibiti. Idrisa ya faɗa gaba ba a gayyace shi ba.

Ba asibiti ya nufa ba. Ya bar kwalta ya shiga wata hanyar bayan gari da ruwan sama ya farfasa, ya nemi ramukan da ya yi shekaru yana kauce wa, ya shiga su ɗaya bayan ɗaya. Motar tana kuka, ƙofa tana buɗewa da kanta. Bayan kowane rami sai ya rage wuta ya kasa kunne. Haka har suka kai inda hanya ta ƙare a bakin wata gona. Nan Idrisa ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli.

"Ya isa, Yunusu. Bar ta ta huta."

Suka zauna, injin yana ƙasƙas yana hucewa. Yunusu ya kifa goshi a sitiyari ya yi kukan da bai yi ba tun na Samira. Idrisa yana duban gero ta taga. Da ya lafa, Idrisa ya ce masa da ta tashi ma, da wannan tuƙin ya sake kashe ta. Yunusu ya yi dariya majina tana zuba. Idrisa ne ya tuƙo su gida, sannu sannu.

Washegari aka haƙa wurin da ta zaɓa. Dutse ne, sai da diga. Mutanen ƙauyenta suka zo mota guda, mazan suka karɓi diga suka yi haƙan da 'yan majami'a, sannan suka koma gefe suka tsaya da hulunansu, matar nan mai zuma tana kuka fiye da kowa. Yunusu yana cikin ramin har kafaɗa, ba wanda ya ce masa komai kan shigowarsa cikin maƙabarta.

Yana cikin gyara gefen da ke kusa da ƙaramin kabarin ne ya kama kansa yana lissafi: zuwa yanzu ta isa, ta faɗa mata, wataƙila ta ƙara nata a kai, don Gwaggo ba ta taɓa isar da saƙo ba gishiri ba. Ya tsaya da shebur a hannu. Ba addu'a yake yi ba, ba ƙoƙarin yarda yake yi ba. Tunanin ya zo masa ne kamar yadda yake tunanin fasinjan da ya sauke jiya ya kai gida. Ya nemi tsohuwar dariyar nan tasa don ya kore shi, ya tarar ba ta nan. Tun ranar da ya ba da saƙon yake dogara a kan za a kai, bai dai gaya wa kansa ba.

Bayan an rufe, fasto ya ce ko wani daga dangi zai yi magana. Saratu ta kai hannu kusa da cinyar mijinta don ko ta kwana. Yunusu ya matsa gaba, ƙasa har gira. Ya ce kowa ya san shi, ya san bakinsa. Ya ce jiya ya gwada zuma ya gwada rami, ba su yi ba, don haka ya janye maganarsa ta tasha.

"Wannan sai Wanda ya tashi da kansa. Na yarda ya tashi, na yarda zai tashe ta, da ita da ɗiyata. Yadda zai yi ban sani ba. Amma ina roƙo in ya tashi aikin shi fara da wasu, don in ya fara da Gwaggo ba za ta bar shi shi yi shi cikin natsuwa ba."

Aka yi dariya ana share hawaye. Saratu ta janye hannunta ta rufe fuska da mayafi.

Halinsa bai canza sosai ba. Har yanzu wani lokaci kasuwar Lahadi takan fi ƙarfinsa, har yanzu yana tsare fasto da tambayoyi, sai dai yanzu yana tsayawa ya ji amsa, abin da ya ƙara wa fasto aiki. Idrisa ya ce alhamdu lillahi, an samu ya zama Kirista sosai, yanzu a iya fara yi masa wa'azin gaskiya. Suna nan suna yi, kai cikin inji.

Bayan kaka wani magini ɗan Togo da ke aiki a Tawa ya rasa matarsa wajen haihuwa. Ba shi da kowa a garin sai 'yan majami'a. Yunusu ya ɗauki gawar, ya sa mijin a gaba kusa da shi. Mutumin bai iya Hausa sosai ba. Da suka fita daga gari ya juyo ya tambaya, yana haɗa kalmomin da ƙyar, ko gaskiya ne abin da ake faɗa, ko dai ana faɗa ne kawai don mutum ya iya tsayawa da ƙafafunsa.

Yunusu ya rage gudu ya kauce wa wani rami. Ya ce gaskiya ne. Ya ce shi ma ya daɗe yana tambaya, in an gama yau ya zo gida ya ci tuwo, zai ba shi labarin wata tsohuwa. Mutumin ya gyaɗa kai. Kafin su kai ƙofar maƙabarta bashe ta yi tari ta mutu, suka fito su biyu, da fasto da masu rakiya, suka tura ta sauran hanyar.